Akuyar da Na Yanka Saboda Banjon Babanka

Unguwar Romi, Kaduna
14 ga Maris, 1999

Zuwa ga ɗana Benson,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kana lafiya. Ƙanwarka Vicky tana lafiya, ta fara koyon ɗinki a Sabon Tasha, sai dai allura ta gama da yatsunta. Kakarka ba ta jin daɗi, ƙafar nan ta sake kumbura, ba ta iya zuwa sujada, sai matan Zumunta na coci su zo su yi mata addu'a a gida. Maƙwabciyarmu Celina ta haihu, namiji, uwa da ɗa lafiya. Kaji biyu sun mutu, ban san abin da suka ci ba. Akuya tana nan, ta yi ƙiba. Ni kuma ba abin da ke damuna sai rashin barcin da ka sani, da tunanin ko kana cin abinci a Sulejan nan.

Friday direba ya kawo mini takardarka. Na karanta, na sake karantawa, don ban yarda da idona ba. Ka ce in sauko da banjon babanka daga kan kabad in kai wa Oga Cyril a Kakuri ya gyara. Ben, tun rasuwar babanka ban yi kukan daɗi ba sai ranar. Kana ƙarami yake ɗora maka shi a cinya yana danna maka yatsu a kan wayoyi, da ka girma ka ce kayan tsofaffi ne, jita ta fi. Ashe abin yana ranka.

Dangi sun tsayar da ranar sujadar cika shekara, Asabar 19 ga Yuni. Ranar zan cire baƙin kaya. Ƙanin babanka Wilson zai zo da mutanen ƙauye. Na san saboda ranar kake so a gyara shi, Allah ya yi maka albarka.

Jiya na sauko da shi. Da ka gan shi da ka ji tausayi. Fatar fuskarsa ta tsage daga tsakiya har baki, kyankyasai sun yi gida a ciki. Wayoyi takwas gare shi a da, biyu-biyu, yanzu uku suka rage, su ma sun yi tsatsa. Ƙugiyoyin ƙarfen da ke kewaye suna jan fatar duk sun cije, ɗaya ma babu. Ɗan katakon nan da wayoyin ke hawa kansa na neme shi har ƙarƙashin gado ban gani ba. Wuyan kuma ya sunkuyo kamar na tsoho.

Kakanka ne ya dawo da shi daga yaƙin Bama cikin jakar soja. Babanka ya kaɗa shi a coci, a biki, da gonarmu ta Kakau lokacin girbi. Bai ajiye shi ba sai da Alexander ya ci amanarsa. Kana makaranta lokacin, amma ka san zancen. Abokinsa ne, benci ɗaya suke zama a ƙungiyar mawaƙa. Shekarar da babanka ya kwanta asibiti ya bar masa gonar ya kula da ita, ya tashi ya tarar an kafa duwatsun siminti da sunan Alexander. Daga ranar da aka yanke shari'a aka ba Alexander gonar, babanka ya ɗora banjon kan kabad, bai ƙara taɓa shi ba. Ga shi yanzu soja za su tafi, mutumin nan ya ci zaɓen majalisar jiha, wai Honarabul. Yaransa sun manna hotonsa a bangonmu, na sa ruwan zafi na kankare.

Gobe zan je Kakuri. Ka riƙa tafasa ruwan sha. Allah ya tsare mini kai.

Ni ce mamanka,
Rhoda Joseph

Suleja
22 ga Maris, 1999

Mama,

Ina gaisuwa da kyau. A gaida Kaka da jiki, a gaida Vicky, ki ce ta sayi hular yatsa. Ina cin abinci, Mama, har tumbi na fara yi, ki daina damuwa.

Na ji ranar da aka sa, tana raina. Amma ki ce wa Oga Cyril ya yi sauri. Ina so ya gama kafin tsakiyar Mayu, don hannuna ya manta, sai na samu lokaci na gwada. In maganar fata za ta ja mu da nisa, ya sa roba irin wadda ake sa wa gangar zamani, ana samunta a gari. Ba wanda zai gane bambanci.

Maganar hoto kuma, don Allah ki bar kankarewa. Yaran siyasa ba su da kunya, kada wani ya yi miki rashin mutunci. Zamani yana canjawa, Mama, sai mu bi shi a hankali.

Sai na ji daga gare ki.

Ɗanki,
Ben

Unguwar Romi
5 ga Afrilu, 1999

Ɗana Benson,

Barka da Ista. Ina fata ka je sujada. Muna nan yadda ka sani, ƙafar Kaka ta ɗan saɓe.

Na kai banjon. Oga Cyril yana cikin shagonsa tsakanin kekunan ɗinkin da yake gyarawa. Da na warware zanen sai ya miƙe tsaye ya cire tabarau. Ya ce, "Maman Ben, wa ya kashe mini wannan?" Na ce, "Abokinka." Ya juya shi, ya rufe ido ɗaya ya bi wuyan da kallo, ya ce, "Joseph, Joseph. Ko za ka yi fushi da duniya, ai sai ka sassauta waya tukuna." Ya ce wayoyin da aka bari a ɗaure shekara da shekaru su suka janyo wuyan gaba. Sai ya yi dariya, sai kuma ya shiga bayan shago ya daɗe yana fyace hanci.

Na faɗa masa maganar roba. Ya ce in gaya maka in ƙarar bokiti kake so, ka sayi bokiti.

Fata ce ta ba mu wahala. Jemammiya ba ta yi, ya ce ta yi laushi, sai dai a yi jaka da ita. Ɗanya ake so, ta akuya mace wadda ba ta tsufa ba, marar tabo. Mun zagaya wurin mahauta ni da shi. Duk wadda ya ɗaga wa rana sai ya nuna mini inda wuƙa ta ci ta. Wani mahauci ya ce, "Oga, fatar akuya kake nema ko ta amarya?" Ya ce, "Ta amarya ma ta fi sauƙin samu." Muka dawo hannu wofi. Da ya rako ni gida ya ga akuyata a ɗaure, ya shafa bayanta yana duba fatar. Na gane nufinsa.

Ka san al'adar gidanku. Ranar da matar mamaci za ta cire baƙi, ita ce take ba dangin miji akuya, kuma wadda ta kiwata da hannunta cikin shekarar makoki, ba ta kasuwa ba. In babu, baƙin yana nan a jikinta sai ta sake kiwon wata. Wannan akuyar tun sati na biyu da binne babanka nake yanko mata ciyawa a bakin rafi.

Na aika wa Baba Wilson da baki na tambaye shi. Ka san shi da tsauri, na yi zaton zai zage ni. Sai ga amsa: in har zai ji banjon wansa a hannun ɗan wansa ranar nan, da fatar akuyata a kai, to ya karɓi akuya. Ya ce nama a ci a manta, amma wannan akuyar za ta zo taro da bakinta.

Ranar Asabar aka yanka ta. Oga Cyril bai bar kowa ya taɓa ta ba, shi ya feɗe, da dunƙulen hannu yake tura fatar, wuƙa sai inda ya zama dole. Ni na shiga ɗaki har aka gama. Na ƙyafe cinya ɗaya na aika ƙauye, sauran muka yi Ista da shi da maƙwabta. Naka soyayye yana cikin gwangwanin da Friday zai ba ka, ka duba ko ya buɗe, ka san hannunsa.

Turken yana nan ba kowa, da safe sai in fito da ɓawon doya in tsaya. Amma ban yi da-na-sani ba. Ka fara tuna waƙoƙin, musamman ta girbi, ita Baba Wilson yake so.

Allah ya kiyaye ka daga miyagun abokai.

Mamanka,
Rhoda

Kakuri
2 ga Mayu, 1999

Ben ɗan abokina,

Ina gaishe ka. Matata Bridget tana gaishe ka. Aiki ya kusa, amma ka karanta wannan da kyau, don ba ni da ƙarfin yin sa sau biyu.

Ƙarafan na jiƙa su a kananzir har tsatsa ta saki. Ƙugiyar da ta ɓata na ƙera wata da wayar ƙafar babur, in ka gane wacece zan ba ka lemo. Wuyan na kwance shi daga jiki, na gyara mazauninsa, na sa siririn katako a gindi don ya koma baya. Yanzu wayoyi sun kwanta kusa da wuya, yatsa ba zai sha wahala ba.

Fatar mamanka ba ni da abin cewa a kanta. Na cire gashin da toka da reza, na shanya ta a inuwa. Da ta bushe na sake jiƙa ta har ta yi laushi kamar tsumma, na shimfiɗa a kan bakin, na sa zobe, na kama da ƙugiyoyi. Ba a bin su a jere. Ka ja ta nan kaɗan, ka tsallaka ka ja ta gabanta kaɗan, haka har ka zagayo. Na bar ta ta bushe cikin ɗaki, ba rana ba wuta. Kullum da safe ina ƙara mata kaɗan ina ƙwanƙwasawa da yatsa, sai ko'ina ya yi magana da murya ɗaya.

Jakin, wato katakon da wayoyi ke hawa, na sassaƙa sabo da maɗaci na ɗora masa ƙashin saniya. Ba manne yake ba, wayoyi ne ke danne shi, saboda haka kada ka kwance wayoyin duka lokaci ɗaya. In ya goce, ka auna daga saman wuya zuwa na goma sha biyu cikin ƙarafan da ke jere a wuyan, ka sake auna daidai wannan zuwa kan fata, nan ne gidansa, sauran kunnenka zai gaya maka. Wayoyi kuma sirara ɗana Chigozie ya kawo daga Onica. Kada ka sa masa na jita, sun yi masa nauyi.

Ga damina ta shigo. Fata za ta saki in iska ta yi sanyi, muryar ta dushe. Ka yi haƙuri da ita. Kada ka kai ta bakin wuta kamar masu ganga, kada ka ɗauki sifana ka hau ja. Sabuwa ce, ba ta gama zama ba.

Na ɗan kaɗa shi jiya bayan na rufe shago. Bridget ta fito daga kicin da ludayi a hannu tana neman Joseph.

Sai magana ɗaya. Wani mutum ya zo da mota mai tutar jam'iyya ya ce kai ka aiko shi ya karɓa. Na ce ban san wannan ba. Ɗana, yaushe malamin makarantar kuɗi a Suleja ya fara aiken mota mai tuta? Ban gaya wa mamanka ba, hawan jininta ya ishe ta. Daga hannunta na karɓa. In kana so, ka zo da ƙafarka ka kalle ni.

Naka,
Cyril

Unguwar Romi
18 ga Mayu, 1999

Benson,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya, sai ni da hankalina ya ƙi kwanciya.

Na haɗu da Bridget a kasuwa ta ce, "Maman Ben, ɗanki ya yi kyau, ga sabon takalmi." Na ce wane ɗa? Ta ce ai ranar Juma'a ka zo Kakuri ka karɓi banjon. Na yi dariya na ce e, na manta ne. Ban so ta san cewa ɗana ya shigo garin nan bai tako Romi ba.

Daga Kakuri zuwa nan tafiyar me ce? Na ce wa kaina wataƙila hedimasta bai ba ka lokaci ba, ko motar da ka samu tana sauri. Ko ba ka da lafiya ne kake ɓoye mini fuskarka? In tarin nan ne ya dawo ka faɗa mini.

Ko sau ɗaya ban ji muryar banjon ba tun da aka gyara. Na so in fara ji a ɗakin babanka, mu uku da Kaka, don in yi kukana in gama kafin ranar taro. Ba komai. Ka yi ta gwadawa a can. Ka naɗe shi da zane in za ka shiga mota, kada ruwa ya taɓa fatar.

Ka rubuto ko layi biyu ne.

Mamanka,
Rhoda

Unguwar Romi
30 ga Mayu, 1999

Benson,

Na gaishe ka don an koya mini a fara takarda da gaisuwa.

Jiya na ji muryarsa.

Ina bakin titi wurin da nake suyar ƙosai da doya da yamma. Tun safe rediyon Celina yake faɗin soja sun miƙa mulki, mutane suna ta murna, ciniki ya yi kyau. Sai ga babura suna ta hon, sai motoci, sai wata babbar mota buɗaɗɗiya da lasifika a kanta. Kafin in ga komai kunnena ya riga ya kama. Ba wani abu a garin nan mai wannan ƙara, siririya mai kaifi, kamar ana zuba tsaba a faranti. Kuma waƙar girbi ce. Ben, na miƙe da matsami a hannu. Ƙafata ta fara takawa da kanta. Allah ya gani, na ɗan yi rawa. Na ce a raina yaron nan ya zo ya ba ni mamaki ne.

Sai na ji kalmomin. Babanka cewa yake, "Kakau ta ba mu, mun gode." Ku kuma cewa kuke, "Alexander ya ba mu, mun gode."

Motar ta tsaya a mararraba, kusa da ni har ina jin zafin injin. Kana tsaye da hular jam'iyya. Shi kuma yana gefenka da babbar riga, ya dafa kafaɗarka. Ya karɓi abin magana ya ce, "Mutanen gida, ku duba da kyau. Wannan ɗan Joseph ne. Wannan banjon Joseph ne. Ina masu cewa akwai rigima tsakanina da gidan ɗan'uwana?" Aka yi ta tafi. Ya ɗaga hannunka sama da banjon a ciki, na ga fatar akuyata fara tas tana ƙyalli.

Ka gan ni. Kada ka rubuto ka ce ba ka gan ni ba, ni kaɗai ce mai baƙin kaya a wurin. Ka ja hularka ƙasa ka juya wajen mai ganga.

Duk matan layinmu suna nan. Ba wadda ta kalle ni. Celina ce kawai ta taɓa hannuna ta ce, "Maman Ben, ƙosanki yana ƙonewa." Na zauna na kwashe. Na sayar da sauran har ya ƙare, don ban san yadda zan tashi in bi ta gabansu ba.

Yau bayan sujada na je Kakuri. Oga Cyril ya ce mota mai tuta ta taɓa zuwa, ya tambaye ka, ka rantse masa ta abokinka ce. Na ce, "Baban Chigozie, da ka faɗa mini." Ya ce, "Akuyar ta riga ta mutu lokacin, me zan faɗa?" Shi ma don haushi ban sha ruwan gidansa ba.

Na ɗauko takardarka ta Maris na sake dubawa. Ka ce ranar babanka tana ranka, ka ce a gama kafin tsakiyar Mayu. Tun lokacin ka sani. Kana sane na rubuto maka zancen akuya, ka ci namanta, ba ka ce Mama ga abin da ake ciki ba. Da ka faɗa mini gaskiya da na hana, ka san haka, shi ya sa ka bar ni na yi ta murna ni kaɗai. Babanka mutumin waje ne ya cuce shi, kuma yana kwance a asibiti. Ni idona biyu, da hannuna na naɗe banjon a zane na kai.

Ban gaya wa Kaka ba. Ka faɗa mini me ya ba ka.

Rhoda

Kaduna
6 ga Yuni, 1999

Mama,

Ina gaisuwa, ina kuma roƙon ki karanta har ƙarshe kafin ki yaga.

Na gan ki. Ban san ta Romi za a bi ba, da na sani da na ce ba ni da lafiya. Wannan ya dame ni har yau.

Amma Mama, shekara biyar ke nan da na gama makaranta. Kin san abin da nake yi a Suleja? Aji uku nake riƙewa ni kaɗai, ɗakin da nake kwana mu huɗu ne, tumbin da na ce miki na yi ƙarya ce. Honarabul ya neme ni da kansa. Ya ce abin da ya faru tsakaninsa da Baba yana damunsa, mutanen gida suna yi masa gori da shi, yana so a rufe zancen. Ya ba ni aiki a ofishinsa, na fara ranar Talata. Ya ce zai saya wa Vicky keken ɗinki. Baba ya yi fushi shekara tara, me fushin ya dawo mana da shi? Gonar an riga an yanka ta fuloti. Soja sun tafi, yanzu lokacin farar hula ne, wanda bai kama wani ba zai zauna a ƙasa har wani zaɓen. Ban faɗa miki ba don na san ba za ki saurara ba. Akuya kuma ban ce ki yanka ba, roba na ce a sa.

Banjon yana falonsa, ya sa an rataye a bango inda baƙi za su gani. Ranar taron an yi yayyafi fatar ta saki, ga jama'a suna jira, sai na ɗan kara ta a wutar mai tsire na ƙara jan ƙugiya biyu. Ta ɗan tsage a gefe, kaɗan ne, ba ya hana sauti.

Ga labari mai daɗi. Na ba shi labarin al'adar, ya ce ba za ki ji kunya ba yana raye. Zai aiko da akuya biyu manya da buhun shinkafa. Ki ɗaure ɗaya a turke ki ce taki ce kika ɓoye, Baba Wilson ba ya kwana a Romi, ina zai sani? Akuya akuya ce. Ranar 19 kuma zai zo da kansa da banjon a motarsa, in kaɗa, ya yi ɗan jawabi a kan Baba. Kowa ya huta, ki cire baƙinki.

Ki yi tunani, Mama. Don mu duka nake yi.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Ben

Unguwar Romi
13 ga Yuni, 1999

Ɗana Benson,

Na gaishe ka. Kaka tana tambayarka, na ce aiki ya yi maka yawa.

Akuyoyin sun zo ranar Alhamis da shinkafar. Ban bari an sauke ba. Direban mutumin nan ya ce an hana shi komawa da su, ya ɗaure su a jikin falwaya a waje ya tafi. Suna ta kuka cikin rana, na ba su ruwa don ba su yi mini laifi ba, sannan na nemi mai amalanke ya mayar da su har ƙofar gidan mai su. Shinkafar ma.

Labarin motar ya riga ni isa ƙauye. Baba Wilson ya aiko cewa maganarsa tana nan: banjon a hannunka, a tsakar gidanmu, ya karɓi akuya. Amma in a motar mutumin nan ya zo, shi da mutanensa za su tashi ko ana tsakiyar addu'a, kuma ya ɗauka akuyar Alexander na ba. Na ce haka ne. Na gaya wa Fasto ba jawabin kowa ranar. In ya kama in ƙara shekara da baƙi zan ƙara, na riga na yi magana da Celina za ta ba ni 'yar akuyarta in ta yaye.

Aikinka ban ce ka bari ba. Na karanta zancen ɗakin mutum huɗu, da ka faɗa tuntuni. Ka ci abincinka inda Allah ya ba ka. Amma banjon ba naka ba ne kai kaɗai da za ka bayar, fatar da ke kansa kuma tawa ce.

Oga Cyril ya ce tsagar ba za ta tsaya ba, tafiya za ta yi ta yi. Ka sassauta ƙugiyoyin da ke kusa da ita yau, ka kai masa, ya ce zai iya yi mata faci daga ciki da ragowar fatar in ba ta kai ƙarƙashin jaki ba. Yana bukatar kwana biyu gam ya kama.

Saboda haka ka sauko da shi daga bangon nan ka kawo da ƙafarka, kai kaɗai. In ba za ka iya ba, ka faɗa mini a fili, kada ka bar ni in yi ta kallon hanya gaban dangin babanka. Friday zai bi ta ofishinku ranar Laraba da safe. Ka ba shi amsa kafin Alhamis, 17 ga wata, don ranar mutanen ƙauye za su taso, kuma ina so in san ko zan wanke farin zanena ko in bar shi a akwati.

Allah ya tsare ka.

Mamanka,
Rhoda Joseph